Fakin a Kwari: da gaske ne ƙidayar motoci ta rage cunkoso a San Faransisko?

Ɗan Kwari

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, ta ɓangaren titin IBB, kuma ina cikin waɗanda 'yan layinmu suka ɗora wa alhakin zama da hukuma kan maganar fakin. Duk wanda ya san Kwari ya san halin da ake shiga daga hantsi zuwa bayan La'asar. Mota a bakin titi, wata a gefenta, ɗan adaidaita ya tsaya a sahu na uku yana sauke fasinja, mai baro na neman inda zai ratsa da dila. Idan azumi ya raba tsakiya aka fara sayayyar Sallah kuwa, ba a magana.

Abin yana taɓa cinikinmu kai tsaye. Baƙinmu na Maraɗi da Damagaram da Garwa ba su cika damuwa ba, don a tasha suke sauka. Amma kwastomomin cikin gari, musamman mata masu sari, da yawa sun koma aiko da saƙo ta waya saboda wahalar inda za su ajiye mota. Mai aiko saƙo abin da ya faɗa kaɗai zai saya. Wanda ya zo da ƙafarsa shi ne ke ganin sabon zane ya ƙara turmi biyu.

A zaman da muke yi, kowa da maganinsa. Wani ya ce a gina gidan fakin mai hawa-hawa, wani ya ce a hana adaidaita shigowa, wani ya ce a ƙara jami'ai da tara. Sai ɗan ƙanena da ke karatun kwamfuta ya ce mini akwai wani birni a Amurka, San Faransisko, inda aka binne na'urori a kwalta suna ƙirga motocin da suka yi fakin, da wannan lissafin ake yanka kuɗin fakin, har cunkoso ya ragu ba tare da an gina komai ba. Ni dai maganar ba ta zauna mini ba, don ƙirga mota ba ya ƙara faɗin titi.

Ina roƙon masana a nan su fitar da ni daga duhu. Da gaske an yi haka, kuma ya yi aiki? Ta yaya lissafi ke fitar da gurbin da babu shi? Sannan mu da ba mu da kuɗin binne na'ura a kwalta, akwai abin da za mu ɗauka mu kai gaban hukuma, ko kuwa abin na masu dala ne kawai? Ina so in je zama na gaba da magana mai tushe.

Bakano a Kalifoniya

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Yaron nan gaskiya ya gaya maka, sai dai rabin labarin ya kawo. A Fagge na tashi, yanzu ina zaune a Okland, tsallaken ruwa daga San Faransisko, kuma nazarin alƙaluma ne sana'ata. Ka yi haƙuri in ɗan tsawaita.

Ka ce ƙirga mota ba ya ƙara faɗin titi. Haka ne. Amma ka tsaya a ƙofar Kwari da azahar ka dubi motocin da ke rarrafe. Wasu wucewa za su yi, Sabon Gari suka nufa ko Ƙofar Mata. Wasu kuwa sun riga sun iso, Kwarin suka zo, zagaye kawai suke suna leƙen inda wani zai fita. Mai neman gurbi a hankali yake tafiya, yana taka birki, da ya ga wani ya buɗe ƙofar mota sai ya tsaya cak yana jira, duk wanda ke bayansa kuma dole ya bi takunsa. Waɗannan ne lissafi ke iya cirewa daga kan titi.

Wanda ya fi kowa yin suna a wannan fagen shi ne Donald Shoup, malami a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis, wanda ya mutu a farkon 2025. Shi da ɗalibansa sun auna abin a Westwood, wata 'yar unguwar kasuwanci da ke maƙwabtaka da jami'ar. Suka tarar direba na ɓata minti 3.3 kafin ya sami gurbi, idan aka ɗauki matsakaici. A ido ba wani abu ba ne. Da suka haɗa na shekara guda, sai ga tafiyar mil 950,000, wato kimanin kilomita miliyan ɗaya da rabi, ta zagaye zalla a unguwa ɗaya. Za ka kuma ji ana yawan cewa kashi 30 cikin 100 na motocin tsakiyar birni masu neman fakin ne. Alhaji, kada ka kai wannan adadin gaban hukuma a matsayin na Kwari. Shoup ya samo shi ne daga haɗa tsofaffin bincike na tsakanin 1927 da 2001, waɗanda sakamakonsu ya kama daga kashi 8 har zuwa 74, kuma duk a wuraren da dama an san suna cushewa aka yi su. Na Kwari sai an auna a Kwari.

Shawararsa ita ce a daidaita kuɗin fakin ta yadda a kowane zangon titi, daga wannan kwana zuwa ta gaba, za a riƙa samun gurbi ɗaya ko biyu babu kowa a ciki. Wato titi ya cika kusan kashi 85 ya tsaya nan. Kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin cewa shagon bakin titi da na ƙuryar lungu ba hayarsu ɗaya ba. To haka ya ce a yi wa gurbin mota.

San Faransisko ce ta gwada wannan da faɗi. Sunan shirin SFpark, hukumar sufuri ta birnin ta fara shi a Afrilun 2011 da tallafin kusan dala miliyan 20 daga gwamnatin tarayya. An ɗauki guraben bakin titi kimanin 7,000, kusan kwata na duk masu mita (na'urar biyan kuɗin fakin) a birnin, aka sa 'yan na'urori a cikin kwalta masu jin ƙarfen mota idan ta tsaya, suna aika saƙo cewa akwai mota ko babu. Ba a yanka farashi ɗaya ga gari duka ba. Kowane zango da nasa, aka kuma raba yini uku: safe zuwa sha biyu, sha biyu zuwa uku, uku zuwa tashi. Ranakun aiki daban, ƙarshen mako daban. Kusan duk bayan wata biyu sai a duba abin da na'urorin suka tara. Zangon da cikarsa ta wuce kashi 80, a ƙara masa kwatar dala a awa. Wanda ke tsakanin 60 da 80 a bar shi. Wanda ya gaza 60 a rage masa kwatar dala, idan ma bai kai 30 ba a rage rabin dala. An kuma sa iyaka: ba a sauka ƙasa da kwatar dala a awa, ba a haura dala 6.

A 2014 hukumar ta fitar da sakamako. Lokacin neman gurbi a unguwannin gwaji ya ragu da kashi 43, daga kimanin minti 11 da rabi zuwa 6 da rabi. Da gangan suka bar wasu unguwanni ba su taɓa farashinsu ba don a sami abin kwatance, can raguwar kashi 13 ce kawai. Tafiyar zagaye ta ragu da kusan kashi 30, fakin sahu biyu ya ragu da kashi 22. Wani abin da mutane ba su zata ba shi ne matsakaicin kuɗin awa sauka ya yi, daga dala 2.69 zuwa dala 2.58, don ashe akwai zanguna da yawa da ke zaune rabi babu kowa, aka yi ta rage musu. Amsar tambayarka ke nan: gurbin yana nan, a titin baya, lissafi ne ya nuna shi, farashi ya kai mutane can.

Ga sauran rabin da yaron bai faɗa ba. Na'urorin kwalta sun ba da wahala. Wayoyin lantarkin da ke ja wa birnin bas-bas suna rikita su, batirinsu kuma ya raunana, a ƙarshen 2013 aka kashe su. Shirin bai mutu da su ba. Hukumar ta kwatanta abin da na'urorin suka nuna a shekarun gwaji da kuɗin da ake biya a mita, ta koyi kimanta cikar titi daga biyan kuɗi kaɗai, kuma a farkon 2018 aka faɗaɗa tsarin zuwa duk mitocin birnin.

Akwai kuma waɗanda suka soki yadda aka yi lissafin, kuma ina tare da su. Daniel Chatman da Michael Manville sun bi bayanan 2011 da 2012 suka nuna ƙarin kuɗin bai buɗe gurbi a lokacin matsi yadda aka so ba, saboda da matsakaici ake aiki, ƙarin kuma ya yi sanyi. Ka duba: a ce titi ya cika maƙil na awa biyu, sannan ya zauna rabi na awa biyu. Matsakaicinsa kashi 75, a takarda lafiya lau. Amma duk wanda ya zo a awanni biyun farko bai sami wuri ba. Na biyu, dokar Kalifoniya ta yarda mai katin nakasa ya yi fakin a mita kyauta ba iyakar lokaci, kuma an sha kama masu lafiya suna amfani da katin wasu. Duk motar da aka ware aka ce ba ta biya, farashi ba ya taɓa ta. Ka tuna da wannan ranar da aka zo maganar motocin manya.

A ganina abin da ya fi na'urorin daraja shi ne ƙa'idar nan ta 60 da 80, da aka shelanta ta tun kafin a fara. Kowa na iya duba cikar zangonsa ya san ko za a ƙara ko za a rage. Jami'i ba ya yanka da ka, ɗan siyasa ba ya sassauta wa layin abokinsa.

Mai Sahu

Alhaji ina gaisuwa. Yallaɓai na Amurka, sannu da bayani, na karanta duka. Ni adaidaita nake ja, hanyata daga Kurna zuwa Kwari da Singa, ku ba ni dama in faɗi ta bakinmu, don a irin wannan zaman ba a kiran mu, sai an gama a sanar da mu.

Mu ba ma fakin. Tsayawa muke mu sauke, mu karɓi kuɗi, mu ba da canji, mu wuce. Kun taɓa tambayar me ya sa muke tsayawa a tsakiyar titi? Don bakin titin ya cika tun safe. Motocin da na gani a wuri kaza da na kawo fasinjan farko su ne dai nake tararwa idan na kawo na bayan La'asar, ko motsi ba su yi ba, wasu har da rigar rufe mota. Fasinja ta ce a nan zan sauka, ga kaya, ga goyo, a ina zan tsaya da ita? Sai a zo a kama ni, mai motar da ya toshe wurin yana cikin shago yana shan fanka.

Tun da aka hana acaɓa a Kano a Janairun 2013, mu ne ke kawo yawancin mutanen da ke shiga kasuwar nan. Idan aka hana mu shigowa, Alhaji, kwastoman da za ka rasa sun fi waɗanda rashin fakin ya hana zuwa.

Tsorona da maganar yallaɓai shi ne kuɗi. Mu duk sabon tsarin da aka ce za a kawo, a aljihunmu yake ƙarewa. Can Amurka an ce idan titi bai cika ba a rage kuɗi. Wa ya taɓa ganin an rage haraji a nan? Sannan na'urarsu mota take ji. Ba ta san baro ba, ba ta san mai teburin da ya baza kaya a kan kwalta ba, ba ta san tirelar da ta shigo sauke dila da rana tsaka ba. Idan za a ƙirga, a ƙirga kowa, a rubuta tsawon lokacin da kowa ya tsaya. A nan ne za a san mai laifi.

Hajiya daga Abuja

Salamu alaikum. Alhaji, ni ma kwastomarku ce, leshi da shadda nake sara ina kaiwa Abuja. Ina goyon bayan ɗana Mai Sahu a kan tsoronsa, don mun ga irin wannan a nan. An taɓa kawo tsarin biyan kuɗin fakin a titunan Abuja, aka damƙa wa kamfanoni karɓa. Jama'a suka yi ta kuka kan ɗaure ƙafar mota da tara. A Afrilun 2014 Babbar Kotun Birnin Tarayya ta yanke hukuncin cewa babu dokar da ta ba da ikon karɓar kuɗin, tsarin ya tsaya. A lokacin abin da kowa ke gani shi ne ana neman kuɗin shiga. Saboda haka kafin a yi maganar farashi a Kwari, a tabbatar akwai doka a rubuce, a kuma san aljihun da kuɗin zai shiga.

Amma in faɗi gaskiya, ni zan biya. Idan na san zan sami wuri kusa da layin da zan shiga, na ba da kuɗi an ba ni rasit, na gama cikin awa ɗaya na fita, ya fi mini abin da nake yi yanzu. Yanzu da direba nake zuwa. Ya sauke ni, ya yi ta zagaye ko ya maƙale gefen wata mota da inji a kunne har in kira shi. Mu da ke yin haka muna da yawa, duk mai sari da ta san kasuwar haka take yi. Injiniya, irin wannan motar a wane lissafi za ta shiga? Ba ta yi fakin ba, ba ta kuma tafi ba.

Sannan maganar tura mutane titin baya. Ga namiji da ba ya ɗauke da komai, tafiyar minti biyar ba komai ba ce. Mace mai ɗauke da kuɗi za ta shiga, ta fito da kaya, ba ta son lungun da babu haske kuma babu mai gadi. Duk rahusar da za a yi, idan wurin ba aminci ba za mu je ba.

Bakano a Kalifoniya

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Malam Mai Sahu, maganarka ta fi tawa kusa da Kwari, kuma tana da tsohon tarihi. Mitar fakin ta farko a duniya an kafa ta a birnin Oklahoma a Yulin 1935, kuma 'yan kasuwa ne ke kuka a lokacin, don ma'aikata na zuwa da sassafe su mamaye bakin titi har yamma, masu saye su rasa wuri. Wani ɗan jarida, Carl Magee, shi ya fito da dabarar mitar. Tun asalinta don a sa mota ta motsa aka yi ta.

Ga lissafin a sauƙaƙe. A ce zango na da gurbi 40, kasuwa na ci awa 10. Motar da ta yini ta cinye gurbi guda ita kaɗai. Gurbin nan, idan masu tsayawa minti 40 ne ke amfani da shi, mutum 15 zai ɗauka a yini. Ke nan idan motoci 20 na masu yini suka koma wani wuri, an buɗe wa baƙi 300 hanya ba a sayi buhun siminti ko ɗaya ba. Gidan fakin mai hawa-hawa yana da amfaninsa, kuma mai yiwuwa shi ne ya dace da masu yinin, amma idan bakin titi kyauta ne babu iyakar lokaci, kowa bakin titin zai fara nema. Ta ɓangaren cunkoso kuma, sahu ɗaya na titi idan babu abin da ya tare shi yana ɗaukar motoci kimanin 1,800 a awa. Inda hannu ɗaya ke da sahu biyu, mota guda da ta maƙale gefen wata ta cinye rabin titin muddin tana wurin. Hajiya, wurin motarki ke nan a lissafi, kuma dole a ba ta gidanta daban a takardar ƙidaya.

Alhaji, ga abin da za ku iya da kanku. Birnin Siyatil ya ɗauki manufar gurbi ɗaya ko biyu a kowane zango tun 2010, kuma shekaru da dama mutane yake turawa su ƙirga da ido sau ɗaya a shekara, da wannan yake gyara farashi. Ku ma yaran shago da ɗaliban kwamfuta irin ɗanka sun isa.

Ku fara da raba titunan da ke kewaye da kasuwa zango-zango, ku auna mota nawa kowanne ke ɗauka idan an jera su daidai a sahu ɗaya. Kowane yaro a ba shi zango ɗaya ko biyu, ya taka shi duk rabin awa daga buɗe kasuwa zuwa tashi, ya rubuta lambobi uku na ƙarshe na kowace mota. Uku sun isa a gane ko motar ɗazu ce, kuma ba a tara bayanin da zai tona asirin kowa ba. Daga wannan takardar abu biyu za su fito: yadda zangon ke cika a kowace awa, da tsawon zaman kowace mota. Na biyun shi ne zai amsa maganar Mai Sahu da hujja.

Zagayen rabin awa ba zai kama adaidaita ba, don kafin yaro ya dawo sun sauke sun tafi. Su sai a zaunar da wani a ƙofofin da aka fi sauka, da agogo, ya ƙirga nawa ke tsayawa cikin kowane minti 15, a wane sahu, na tsawon wane lokaci. Haka manyan motocin kaya: ƙarfe nawa suka shigo, minti nawa aka yi ana saukewa. Baro da teburan da suka hau kwalta su ma a auna tsawon wurin da suka ci. Ina kyautata zaton idan aka tara wannan, abin da zai fara fitowa ba farashi ba ne. Zai zama keɓe wa adaidaita wurin sauke fasinja a bakin ƙofofi, sa wa sauke kaya lokaci da sassafe ko bayan tashi, da iyakance zaman mota a sahun gaba zuwa awa ɗaya ko biyu. Amma zato ne nawa, takardar ce za ta faɗa.

Ga wata dabara kyauta. Google Maps na nuna titi ja ko kore daga saurin wayoyin mutanen da ke kansa. Ɗanka ya riƙa ɗaukar hoton taswirar yankin a lokuta ɗaya kullum. Ba ta faɗin dalili, amma za ta nuna ƙarfe nawa ja ke farawa da kuma daga wace kwana, sai ku haɗa da takardar yara.

Maganar amana kuwa, wadda ku biyun kuka kawo, akwai wurare biyu da suka burge ni. A tsohuwar unguwar kasuwanci ta Fasadina, kusa da Los Anjalis, 'yan kasuwa sun ƙi mita har sai da aka yi musu alƙawarin kuɗin zai tsaya a unguwarsu. Aka kafa a 1993, kuɗin ya tafi gyaran hanyar ƙafa, fitilu da shara. Hasken da mai gadin da Hajiya ke nema, daga irin wannan kuɗin ya kamata su fito. A Sitokhom kuma, babban birnin Suwidin, da za a sa kuɗin shiga tsakiyar gari sai aka yi gwaji daga Janairu zuwa Yulin 2006. Motocin da ke shiga suka ragu da kusan ɗaya bisa biyar, aka cire kuɗin, jama'a suka kaɗa ƙuri'a a Satumba, sannan aka dawo da shi a Agustan 2007. Ku nemi irin haka: gwaji mai wa'adi a titi ɗaya, a ƙirga kafin a fara, a ƙirga bayan an gama, a bar wani titin ba a taɓa shi ba don kwatance, a manna sakamakon a ƙofar kasuwa kowa ya gani. Kuma wakilin 'yan adaidaita da na 'yan dako su zauna a kwamitin tun ranar farko.

Ɗan Kwari

Madalla, Allah ya saka wa kowa da alheri. Injiniya, na sa yaron ya buga mini bayaninka a takarda. Malam Mai Sahu, zan kai maganar wakilcinku gaban dattawa, ka turo mini saƙo ta akwatin sirri mu san yadda za mu haɗu da shugabanninku. Hajiya, maganar doka da rasit ita zan fara ajiyewa a teburi.

Inda za a sha fama shi ne iyakance zaman mota, don masu yinin nan yawanci masu shaguna ne, kuma mutum na son ya ɗaga kai ya hango motarsa. Sai mun samo musu wuri mai gadi da za su yarda da shi kafin a ce su matsa. Tambaya ɗaya ta rage mini: yaushe ya kamata a yi ƙidayar? Kwari ta watan azumi daban ce da ta sauran watanni, Juma'a kuma ga masallacin Fagge.

Bakano a Kalifoniya

Alhaji, a yi sau biyu. Mako guda a lokacin da kasuwa ke tafiya yadda ta saba, nesa da Sallah, wannan shi ne ma'aunin da za a gina ƙa'ida a kai. Sannan kwana uku ko huɗu a goman ƙarshe na azumi, don a san irin tanadin wucin gadi da lokacin ke buƙata. Kada a zuba su a lissafi ɗaya. Juma'a ma a ware ta, musamman daga sha biyu zuwa uku, kuma duk ranar da aka yi ruwa ko aka rufe wani titi a rubuta a saman takardar.

Ku faɗaɗa ƙidayar har titunan da ke tafiyar minti goma daga kasuwa, da filaye da harabobin da ake ajiye mota a biya, domin a can ne za a nemo wa masu yini wuri, kuma sai an san gurbi nawa ke zaune babu kowa kafin a yi musu tayi. Idan yara sun gama makon farko, ɗanka ya shigar da takardun a Excel ya turo mini, zan fitar muku da jadawalin awa-awa na kowane zango da za ku iya ɗauka zuwa zaman.